Abin da ke Zaunar da Falke a Gari, da Abin da ke Tashinsa

Falke ba ya sallama in zai bar gari. Ba ya zuwa ƙofar hakimi ya faɗi ya ce ga shi zai tashi, balle ya kai takarda ofishin ƙaramar hukuma. Abin da a kan gani shi ne rumfar da ta saba buɗewa da hantsi ta kai azahar a rufe, bayan 'yan watanni a ji ya kama sito a wani gari, sa'an nan yaransa su bi shi ɗaya ɗaya, daga baya iyali su tashi. Kafin hukuma ta farga, dillalin da ke ci a gindinsa, da ɗan dako, da mai tuwon bakin kasuwa, da makarantar allon da ya saba aika wa da hatsi, duk sun ji a jikinsu. Ita kuwa hukuma sau da yawa ba ta farga ko kaɗan, gama tun farko ba ta da littafin da ta rubuta sunansa, in ban da gutsuren rasit.

Abin da ya ta da wannan magana shi ne hukuncin da Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke ran 11 ga watan Yuli 2024. Alƙalai suka ce kason ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan a riƙa ba su a hannunsu, kada ya sake bi ta hannun gwamnoni, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya ɗora kantoma a gurbinta. Fiye da shekara guda bayan hukuncin, mafi yawansu ba su fara ganin kuɗin kai tsaye ba, aka yi ta ja-in-ja a kan bankin da za a buɗe asusu da wanda zai sa hannu. To, duk surutun da aka sha a kan wanda zai riƙe jakar ne. Da wuya a ji wanda ya tambayi abin da ƙaramar hukuma za ta yi wa kasuwar da ke ƙarƙashinta in jakar ta zo hannunta. Wannan kuwa ita ce tambayar da ta shafi malamai da fatake, domin su ne ke zaune da kasuwa, suna ci daga gare ta.

Wanda ke son ya san yadda gari ke rasa 'yan kasuwarsa, ya dubi labarin Katsina da Kano. Kafin jihadi, Katsina ce babban zangon ayarin da ke ketaro sahara, can Larabawa da Buzaye ke sauke kaya. Bayan da jama'ar Shehu suka ci birnin, tsohon gidan sarauta ya koma Maraɗi, aka shiga shekaru ana kai hari ana ramawa, hanyoyin arewacin Katsina suka zama abin tsoro. Ba wani sarki da ya kori fatake daga Katsina. Su da kansu suka auna, suka ga raƙumi da kayansa sun fi tsira a Kano, suka zame sannu sannu. Da Bajamushen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya ratso ƙasar a 1851, ya tarad da Katsina ganuwa ce mai faɗi da kangaye a ciki, Kano kuwa tana aika da turkuɗi da saƙi har Tambutu da Gat da Tarabulus. Ganuwa ba ta matsa ba, rijiyoyi ba su ƙafe ba, amma ciniki ya yi ƙaura, bai kuwa komo ba.

Kano ba ta sami wannan rabo a banza ba. Tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kuma kafa kasuwar Kurmi, sarakunanta sun san baƙon da ya zo da kaya abin riƙewa ne. Sunayen unguwanni sun isa shaida: Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna, da Tudun Nufawa, da Ayagi ta Yarabawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa. Kowane iri aka ba shi wurin zama, da babba daga cikinsu wanda zai kai kukansu fada. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja, asalinsu baƙi ne, aka zaunar da su har suka zama 'yan gari, daga cikin Agalawa kuwa aka sami Alhassan Ɗantata. Baƙon falke in ya sauka yana da fatoma, watau mai masaukin da zai ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in an ci shi bashi. A kasuwa kuma ga sarkin kasuwa, ga sarkin pawa, ga sarkin dillalai, ga korama mai lura da awo. In rigima ta tashi tsakanin mai saye da mai sayarwa, a nan inuwar a ke kashe ta kafin la'asar. Ba a ce zamanin nan babu zalunci ba, akwai shi ƙwarai. Amma dai fada ta san fuskar falke, ta san ranar da ya saba zuwa, in ya yi fashin shekara a kan tambayi dalili.

Malaman jihadi ma ba su bar wannan babi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙi, da ya zo lissafa al'adun mulki waɗanda ya ƙi, ya sa har da abin da masu kasuwa ke tsinta daga kayan mutane, da naman da a ke karɓa wurin mahauta kowace ranar kasuwa, wanda a ke kira tawasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba: maƙera da marina da maɗinka da mahauta da sauransu, a raba su cikin garuruwa gwargwadon bukata, a gyara kasuwanni da hanyoyi. Mai karatu ya lura da wanda aka aika wa wannan takarda, da garin da ya ke riƙe da shi, da abin da ke faruwa da fataken garin a lokacin. Uba ya hana a tatsi ɗan kasuwa ba bisa haƙƙi ba, ɗa ya ce barinsa ma bai isa ba, sai an yi masa hidima.

Da Turawa suka zo suka kafa En'e da baitulmali, aka shiga wani hali. Talakan da ya ga zamanin ba ya kewar bulalar dogari, ko ɗaurin da a ke yi wa wanda ya kasa biyan haraji, kuma kukan da 'yan NEPU suka yi a kan wannan gaskiya ne. Sai dai akwai abu guda cikin tsarin wanda ya kamata a riƙe. Baitulmalin En'e daga haraji da jangali ya ke cika, watau daga aljihun mutanen ƙasar. Ma'aji ya san in gyaɗa ta yi kuɗi bana albashi zai fita lafiya, in Fulani suka ƙaurace wa gunduma jangali zai faɗi, hakimin da mutanensa suka yi ta gudu kuwa sai ya amsa tambaya gaban Sarki da Razdan. Saboda haka ko don kansa, dole mai mulki ya so a zauna a ƙasarsa a yi arziki. A 1976 aka rushe En'e aka kawo ƙananan hukumomi. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi a Kano da ta Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, sun kuwa cancanci murnar. Kuɗin man fetur ya maye gurbin. Daga nan igiyar da ta ɗaure cikin hukuma da cinikin kasuwa ta tsinke.

Ga yadda lissafin ya ke. Daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin 100, daga harajin sayen kaya kuma suna da kashi 35. Wannan kaso yana zuwa ƙarshen kowane wata, ko kasuwar gari ta ci ko ta watse. Abin da mafi yawansu ke tarawa da hannunsu daga rumfuna da tasha da kara, in an gwada shi da kason Abuja, bai fi cikin cokali ba. To, shugaban ƙaramar hukuma ɗan Adam ne, inda tuwonsa ke fitowa can zai sa ido. Ya fi sanin ranar zaman rabon kuɗi a Abuja da ya san buhu nawa aka sauke a kasuwarsa makon jiya. Nan ne abin tsoro cikin hukuncin Kotun Ƙoli, ko da ya ke hukunci ne mai kyau: in kuɗin ya riƙa sauka kai tsaye, mai yiwuwa ne a gyara kasuwa da shi, mai yiwuwa ne kuma ya ƙara wa hukuma wadatuwa ga barin ɗan kasuwa, ta ci gaba da yi masa riƙon sakainar kashi.

Ba kuwa don doka ta yi shiru ba ne. Tsarin mulki na 1999, cikin jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙaramar hukuma kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da kula da su, da hanyoyin cikin gari da fitilunsu da magudanan ruwa, da kwashe shara, da ba da lasin keke da amalanke da baro, da lura da kantuna da gidajen abinci da gidajen burodi. Duk abin da ɗan kasuwa ke takawa daga ƙofar gidansa zuwa rumfarsa yana cikin wannan jadawali. Amma cikin dukan jerin, wanda a ka fi riƙewa da ƙarfi shi ne wanda ke da rasit. A wurare da yawa ma hukuma ba ta karɓa da kanta, sai ta sayar da kasuwar ga ɗan kwangila: ya biya wani abu a dunƙule, shi kuma ya saki samarinsa su tara abin da suka iya. Ɗan kwangilar da ya san wa'adinsa shekara ɗaya ne, ina ruwansa da ko mai albasa zai komo baɗi? Ta haka fuskar hukuma da falke ya sani ta zama fuskar saurayi da sanda da ɗaurin tikiti, wanda ba shi da amsar ko tambaya ɗaya, in ban da nawa za a biya. Mutanen da kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Masu dabbobi da kayan gwari sun fi kowa sanin ɗacin wannan. Tirelar shanu in ta tashi daga karar Maigatari ran Alhamis, ko ta Wudil ran Juma'a, kafin ta ga Ikko ta tsaya a shingaye ba iyaka, kowane da sunan wata hukuma, wani ma ba hukumar kowa ba ne. Tun 1998 aka yi dokar da ta jera harajin da kowane hawa na gwamnati zai karɓa, ta kuma hana tare hanya domin karɓar haraji, amma katako mai ƙusa bai bar kan kwalta ba. Kowace tsayawa saniya na ramewa, tumatir na ruɓewa. A ƙarshen Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsai da kai kaya Kudu wajen mako guda, cikin kukanta kuwa har da wannan tatsa ta kan hanya. Tumatir da albasa suka yi tsada a Ikko, suka zube a Arewa, manomi ya yi hasara, mai ci ya yi hasara. Sai a ran nan manya suka nemi fatake a zauna. Abin mamaki ne a ce mutanen da ke ciyad da rabin ƙasa ba a jin muryarsu sai sun kashe mota.

A cikin birnin Kano kuma akwai wata matsala dabam, watau kasuwanni masu maiƙo ba a hannun ƙaramar hukuma su ke ba. Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari suna cikin ƙasar Fagge, amma gwamnatin jiha ce ke naɗa masu riƙonsu. Ɗan kasuwa ya biya wannan ya biya wancan, ranar wahala kowa ya nuna ɗan'uwansa. A watan Maris 2016 wuta ta cinye dubban rumfuna a Sabon Gari cikin dare ɗaya. A watan Agusta 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na dukiya mai yawa, 'yan kasuwa suka ce gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa ne suka jawo. Gobara da ambaliya ƙaddara ce, ba mai musu. Amma layin da motar 'yan kwana-kwana za ta bi in an yanka shi an yi shaguna, da lambatun da aka toshe da bulo, wannan aikin hannu ne, da sa hannun wani jami'i a takarda. A nan kuwa gaskiya ta wajaba a faɗe ta duka: wanda ya sayi shagon da aka gina a kan magudana shi ma ɗan kasuwa ne, ya kuwa ga magudanar da idonsa ranar da ya biya.

Abin da ya fi wuta da ruwa karya zuciyar mai dukiya shi ne rashin tabbas a kan wurin zamansa. A watan Yuni 2023 gwamnatin Kano ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi da wasu wurare, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne waɗanda gwamnatin da ta gabata ta raba ba bisa ƙa'ida ba. Masu shaguna suka tafi kotu, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su naira miliyan dubu 30, daga baya aka yi sulhu a kan miliyan dubu 3. Ko ginin farko ne kuskure, ko rushewar, ko duka biyun, wannan magana ce ta masu shari'a da masu siyasa. Abin da falken Agadas ko na Anaca ya ɗauka daga labarin guda ne: takardar da hukuma ta ba shi yau, wata hukuma tana iya cewa gobe ba ta san ta ba. Mutumin da ya ji haka ba zai fasa ciniki a Kano ba, gama Kano ba ta fasuwa, amma zai riƙa zuwa da kaya ya koma da kuɗi, ba zai kafa tubali ba. Gari kuwa da masu kafa tubali ya ke girma.

Dawanau ta isa misali ta fuska biyu. An kafa ta a 1985 cikin ƙasar Dawakin Tofa, a kan hanyar Katsina, yau kuwa tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Wake da gero da dawa da riɗi da zoɓo da citta suna shiga suna fita, ana jin Zabarmanci da Larabcin Cadi da Yarabanci a layi ɗaya. Mafi yawan sito-siton da ke cikinta 'yan kasuwa ne suka gina da kuɗinsu, abin da ya nuna in an ba falke fili da kwanciyar rai, sauran aikin shi zai yi. A watan Fabrairu 2024 kuwa, da abinci ya yi tsada, hukumar jiha mai karɓar ƙorafi da yaƙi da rashawa ta sa kwaɗo a wasu sito-sito a kan zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar suka musa, suka ce ajiya ce ta ciniki. Malamai sun san babin ihtikari, sun san kuma fuƙaha'u sun rarrabe tsakanin mai ɓoye abinci domin ya cuci mutane lokacin ƙunci, da mai kawo kaya daga nesa ya ajiye kafin ya sayar. Rarrabewar nan ba ta yiwuwa sai ga wanda ya san kasuwar tun kafin ranar fushi. Da akwai littafin da ya nuna wane ne ke da wane sito, me ya saba ajiyewa, wa ya ke sayar wa, da ba a bukaci kwaɗo kafin tambaya ba.

Lalle akwai abubuwan da suka fi ƙarfin ƙaramar hukuma, kuma zalunci ne a ɗora mata su. Ba ita ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ba, ba ita ta sake rufe ta Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 ba, lokacin da Jibiya da Mai'aduwa da Illela da Maigatari suka yi tsit. Ba ita ta janye tallafin mai a Mayu 2023 ba, ko ta ninka kuɗin lantarkin masu manyan injuna wajen sau uku a Afrilu 2024. Masaƙu da majemun Bompai da Sharaɗa da Challawa waɗanda suka rufe, rashin wuta da kayan waje masu araha ne suka kashe su, ba kansila ba. Amma wanda ba shi da ikon hana damina yana da ikon gyara indararo.

Abin da ke hannunta kuwa ba ya cin kuɗi mai yawa. Na farkonsa zuwa ne da kai, wanda ya fi aike. Shugaban ƙaramar hukuma ko wakilinsa ya shiga kasuwa ranar da ba karɓa ya zo yi ba, ya zauna a rumfar mai hatsi, da wurin mai injin casar shinkafa, da gidan burodi, da garejin masu walda, ya tambaye su abin da ke damunsu da abin da zai sa su tashi, a rubuta. Sau da yawa amsar ƙarama ce har ta ba da kunya: kwalbati guda da ta karye wadda ke hana babbar mota shiga, ko rijiyar da babu a kara har dabba ta wuni ba ta sha ba, ko tudun lodin shanu da ya zube, ko rashin fitila da mai gadi da dare, ko makewayi. Mai injin da ke da ma'aikata ashirin, in an gyara masa hanya ya zauna, ya fi baƙon kamfanin da za a yi shekara biyar ana yi wa shimfiɗa bai zo ba. Shugabanni suna son yanka kirtanin sabon abu domin a ɗauki hoto, tsohon da ke nan tun zamanin kakanni kuwa ba shi da hoto, sai ran da ya rufe.

Sai maganar kuɗin kansa. Falke ba ya ƙin biya, abin da ya ke ƙi shi ne biyan da bai san iyakarsa ba, domin ba ya iya sa shi cikin lissafin buhu. A rubuta a allo a ƙofar kasuwa, da boko da ajami, buhu kaza ne, sa kaza ne, rumfa kaza ce a wata, rasit ɗaya, wanda ya nemi ƙari ɓarawo ne. Jihar Kaduna ta gwada wani abu mai kama da haka a 2016, ta tattara harajinta cikin doka ɗaya, ta hana karɓar tsabar kuɗi a hannu, abin da ta ke tarawa ya ƙaru ƙwarai. Sai dai a can ma karɓar ta koma hannun hukumar jiha, ƙaramar hukuma ta ƙara nisa da mai biya. Dokokin haraji huɗu da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a watan Yuni 2025 sun sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni, sun kuma kafa ofishin jin kukan mai biyan haraji. Amma mai tallan doya a kasuwar ƙauye ba kamfani ba ne, kuma tikitin da ke damunsa ba daga Abuja a ke buga shi ba. Abin da zai gamsad da shi shi ne a ce cikin kowace naira goma da aka karɓa a kasuwar nan, kaza za ta tsaya a kasuwar nan, a kuma karanta lissafin a bainar jama'a kowane wata uku, gaban shugabannin layi da limamin kasuwa.

Su ma 'yan kasuwa akwai nasu. Ƙungiyoyinsu da yawa sun zama 'yan amshin shatan wanda ke kan mulki, shugaba ya shekara goma ba zaɓe, in an raba sababbin rumfuna shi da 'ya'yansa ke fara ɗiba. Ƙungiyar da ta ci irin wannan ba ta da bakin da za ta ce a gyara lambatu. Ga kuma masu ɓoye yawan kayansu, da masu bugun gindin mudu, da masu zuba yashi cikin riɗi, waɗanda ke ɓata sunan kasuwa duka har mai saye daga nesa ya sauya hanya. Gyaran awo da sulhu tsakanin masu bashi aiki ne da malamai suka gada tun daga babin hisba, kuma majalisar kasuwa wadda ba malami a cikinta, da wuya hukuncinta ya zauna a zukata.

Wani gwaji na nan tafe wanda zai nuna hukumar da ta farka. A watan Fabrairu 2021 aka ƙaddamad da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka shata ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. A Janairu 2023 kuma aka buɗe tashar kaya ta kan tudu a Zawaciki cikin ƙasar Kumbotso. An taɓa ganin irin wannan. Da jirgi ya iso Kano a 1911, aka fara ɗaukar kaya a 1912, fataken goro su ne suka juya jarinsu da yaransu zuwa sayen gyaɗa cikin shekara ɗaya, zangunan da dogo ya kauce wa kuwa suka koma ƙauyuka. Kasuwar Dambatta tana ci ran Lahadi, ta Mai'aduwa ma ran Lahadi, ta Jibiya ma haka, falke ɗaya kuwa ba ya cin kasuwa uku rana ɗaya. Zai zaɓi wadda ta keɓe masa filin sito kusa da tasha da takardar da ba za a soke ba, wadda motarsa za ta shiga da damina, wadda ya san abin da zai biya a ƙofa tun kafin ya baro gida. Filayen da ke kewaye da tashoshin nan kuwa, cikin ƙasar ƙananan hukumomi su ke, kuma masu saye don su sayar ba su jiran jirgi ya yi kuka kafin su fara auna su.